Layin da Ba Shi da Allo

Cikin ranakun aikina duka, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata Talata a ƙarshen watan Oktoba, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a ɗakin taron wani otal da ke Tarauni. Mu goma sha bakwai ne: Ciyaman a kujerar tsakiya, Sakatare a damansa, Ma'aji Alhaji Garba a hagunsa, kansiloli goma, shugabannin sassa uku, sai ni, mai riƙe da sashen tsare-tsare a lokacin.

Ƙaramar hukumar da nake wa aiki ba ta cikin birni ba ce. Tana can waje, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota, kuma ba zan kira sunanta ba. A takarda an rubuta cewa an kawo zaman Tarauni ne domin a samu natsuwa. Gaskiyar ita ce cikin mu goma sha bakwai, mutum biyu kaɗai ke kwana a garin da muke mulka. Sauranmu duk muna cikin birni, ni kaina a Gyadi-Gyadi nake. Ga kuma alawus na zaman da aka yi a wajen gari, wanda ba a biya idan an zauna a sakatariya.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, kasafin ƙaramar hukuma gida biyu ne. Akwai manyan ayyuka, wato gini, titi, rijiyar burtsatse, duk abin da ake farawa sabo. Akwai kuma kuɗin gudanarwa, wato albashi, mai, gyare-gyare, da duk abin da ke sa wanda aka riga aka gina ya ci gaba da amfani. Aikin sashenmu shi ne mu duba gaba, mu faɗa wa masu yanke hukunci abin da zai taso nan da shekara uku ko biyar, domin a fara tanadinsa tun yanzu. Kundin da na kawo ranar tsarin shekara biyar ne. Wata huɗu na yi ina haɗa shi.

A cikinsa akwai layi na talatin da biyu. Ƙananan asibitocinmu shida suna da firjin ajiye ruwan allurar riga-kafi, masu aiki da sola. Ciyaman da ya gabata ne ya saka su. Farantan da ke kan rufi suna daɗewa, amma batura ba sa wuce shekara biyar, kuma namu sun shiga ta huɗu. Abin da na rubuta a layin abu biyu ne: a sauya baturan a shekara mai kamawa, sannan daga nan a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsu kowace shekara, ta yadda idan lokaci ya sake yi ba sai an yi roƙo ba. Duk kundin babu layi mai arha kamarsa.

Ba ni na gano matsalar ba. Hajiya Rabi ce, ma'aikaciyar jinya mai kula da asibitin da ya fi sauran nisa da kwalta. A Unguwa Uku take zaune, kullum da sassafe take shiga mota. Tana da littafin da take rubuta sanyin firjin sau biyu a rana, safe da yamma, domin ruwan allura ba ya son ya fita daga tsakanin maki biyu zuwa takwas. Ita ta kawo min littafin har ofis, ta nuna min yadda lambar safiya ke hawa a hankali wata bayan wata. Batir ya fara gaza kai firjin zuwa wayewar gari.

Ciyaman bai karanta kundin ba, kuma ban yi tsammanin zai karanta ba. Yana da tasa hanyar. Sai ya ɗora yatsa a kan layi, ya yi tambaya ɗaya. Da yatsan ya iso talatin da biyu ya tsaya.

"Malam Nasiru, wannan fa?"

Na miƙe na yi bayani. Ban wuce minti biyu ba.

"Na ji," in ji shi. "A ina za a kafa allo?"

"Wane allo, ranka ya daɗe?"

"Allon buɗewa mana. Inda ake rubuta wanda ya yi aiki."

"Batura ne, ranka ya daɗe. A cikin akwati suke, a ƙuryar sito."

Wani kansila, wanda tun safe bai ce komai ba sai neman ƙarin shayi, ya ɗago kai. "To ai sai a rubuta sunan Ciyaman a jikin batir ɗin da alli, a gayyaci ɓeraye su yi tafi."

Aka yi dariya sosai. Ciyaman ya bari ta lafa, sannan ya ce, "Solar nan wa ya saka ta?"

Ya sani. Kowa ya sani. Na ce wanda ya gabace shi ne.

"Allon wa ke jikin bangon asibitin?"

"Nasa."

"Wato in ɗauki kuɗina in je in raya allonsa."

Kuɗina ya ce. Haka na rubuta a bayanin zama, kafin Sakatare ya gyara ya mayar da shi kuɗin ƙaramar hukuma.

"Sannan ka ce a riƙa tarawa shekara biyar. In tara wa wa? Wata goma sha huɗu ya rage min a kujerar nan. Malam Nasiru, kai ma'aikaci ne, ko wa ya zo ka gaishe shi ka karɓi albashinka. Ni ƙuri'a zan je nema. Me zan nuna wa mutane? In buɗe sito in ce ku leƙa?"

Na ce masa idan firjin ya tsaya a bazara, lokacin baƙon dauro ne. Ya ce Allah zai kiyaye. Kansiloli goma suka ce amin a tare. Alhaji Garba, wanda ya ga ciyamomi bakwai yana kan kujerar Ma'aji, ya ɗan ja gefen rigata ta bayan kujera, alamar in zauna. Na zauna.

Aka soke layin. Kuɗinsa aka ƙara wa ƙofar maraba da za a gina a bakin gari, mai hasumiya biyu. Kafin azahar an amince da tsarin gaba ɗaya, babu wanda ya ƙi. Aka buga shi da bango mai sheƙi da hoton Ciyaman a gaba. Sunansa tsarin shekara biyar, amma da na sake dubawa a gida, babu aiki ko ɗaya a cikinsa da ya wuce wata goma sha huɗu.

Bazara ta zo a lokacinta, ba ta karanta bayanin zamanmu ba. A watan Afrilu firjin Hajiya Rabi ya fara mutuwa kafin gari ya waye. Ta rubuto takarda, ta bi ta hannun shugaban sashen lafiya, ta zo teburina, na rubuta a ƙasanta cewa babu layin da za a cire kuɗin, na mayar. Wannan shi ne tsari, kuma na bi shi daidai. Daga baya na ji abin da take yi. Tana sayen ƙanƙara a Unguwa Uku da kuɗin aljihunta, ta cika kula, ta rungume ta a cinya cikin mota har can, ta jera a firjin kafin rana ta ɗaga.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama a gidana. Ita ce. Ta ƙi shiga ciki wajen iyali, ta ce a zaure za mu gama. Ta kwance wata baƙar leda ta zazzage a kan tabarma. Ƙananan kwalabe ne na ruwan allura, sun fi ashirin. Kowace kwalba tana da ɗan tambari a jiki wanda ke yin duhu idan zafi ya taɓa ta, kuma da zarar ya yi duhu ba a amfani da ita. Dukkansu sun yi duhu.

"Ga tsarinku na shekara biyar, Malam Nasiru. Na kawo maka ka saka a fayil."

Na ce ta yi haƙuri, na yi iya ƙoƙarina a wajen zama.

"Haƙuri na gama rabar da shi ranar Laraba. Mota ta lalace mana a hanya, ƙanƙara ta narke. Mata sun cika baranda tun safe, wasu a ƙafa suka zo da goyo daga ƙauyukan bayan rafi. Na ce su koma sai wani makon. Wata ta ce min, Hajiya, wannan zuwana na biyu ke nan, mijina ba zai bar ni na uku ba. Me zan ce mata? In ce an yi ƙofa mai hasumiya?"

Na ɗauki kwalba ɗaya na duba tambarin.

"Na wuce ta ƙarƙashinta jiya," ta ce tana tattara ledarta. "Ta yi kyau, wallahi. Ko inuwa ba ta bayarwa."

Ta bar min kwalaben.

Ranar Litinin na shiga ofishin Alhaji Garba na rufe ƙofa. Na ajiye kwalba ɗaya a kan teburinsa. Ya juya ta da yatsa ya dube ni.

"Kai matsalarka, Nasiru, ka yi karatu da yawa. Ka kai wa mutum abin da ba a yaye masa ƙyalle, ka ce ya sa hannu. A unguwarku ta Gyadi-Gyadi, ka san Malam Habu mai sassaƙa allo?"

Na ce ina wuce shagonsa kullum.

"Daina wucewa. Shiga ka gaishe shi. Shi ne babban jami'in tsare-tsare, ku duk mataimakansa ne."

Da la'asar na shiga. Malam Habu dattijo ne mai farin gemu, ƙurar dutse ta ƙara masa fari. Shagon ɗan ƙarami ne, a tsakanin mai gyaran waya da wani kemis inda ɗaliban jinya ke yawan tsayawa. Jikin bango an jingine alluna na dutsen mabul, baƙaƙe da farare, jere-jere. Na tsaya ina karantawa. Wannan na buɗe aji biyu ne a wani gari, wancan na rijiya, wancan na kwalbati. Wasu an gama rubutunsu tas, sai layi ɗaya a tsakiya da aka bari fili.

Na tambaye shi wannan filin na mene ne.

"Na suna ne, malam. Aikin dai na san za a sake shi, wanda zai sake ne ban sani ba tukuna."

Ya ciro wani tsohon littafi daga ƙarƙashin benci. Duk allon da ya taɓa yankawa yana ciki, da wuri, da wata, da irin aikin. A gefe kuma ya rubuta lokacin da yake sa ran za a dawo masa.

"Famfon burtsatse shekara uku ne. Rufin aji, idan ɗan kwangila mai tsoron Allah ne, bakwai. Idan irin na yanzu ne, damina biyu. Ba a gyarawa, ka sani. Sai ya mutu murus, wani ya zo ya yi sabo a gefensa, a zo wajena. Ni kuwa dutse idan na saye shi da wuri ya fi arha. To me zai sa in jira?"

Na ambaci asibitocinmu shida. Ya lashi yatsa ya buɗe shafi.

"Sola. Ni na yanka allunan. Ai lokacinsu ya yi, ina ta mamakin shirun da na ji."

Na tsaya a shagon nan da digirina da kwasa-kwasan da aka tura ni, ina kallon tsarin dogon zango na gaskiya guda ɗaya da na taɓa gani ana aiki da shi a harkar ƙananan hukumomi. A littafin lissafin 'yan firamare aka rubuta shi.

Washegari na rubuta sabuwar takarda. Kalmar gyara ba ta fito a cikinta ko sau ɗaya ba, haka ma kalmar sauyawa. Na sa mata suna Sabon Shirin Wutar Zamani Domin Lafiyar Uwa da Yaro, kashi na ɗaya zuwa na shida. Kowane kashi asibiti ɗaya. A ƙarƙashin kowanne na jera abin da ake buƙata: fenti na gaban gini, allon mabul mai ruwan zinare, kanofi, kujeru, lasifika, masu ɗaukar hoto, abincin baƙi. A layin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, na rubuta batura. Na cire shi daga gidan gudanarwa na kai shi gidan manyan ayyuka. Alhaji Garba ya nemo hanyar juyo kuɗin daga wani titi da kowa ya san ba za a yi ba.

Na kai wa Ciyaman da kaina, a gidansa na cikin birni. Ya ɗora yatsa kamar kullum.

"Buɗewa shida?"

"Shida, ranka ya daɗe. Ɗaya a kowace mazaɓa da abin ya shafa. Idan aka yi ɗaya duk mako biyu, za a gama daidai lokacin da za a fara fita neman jama'a."

"Tsofaffin allunan fa?"

"Sun tsufa, ranka ya daɗe. Mai fenti zai buƙaci bangon a share."

Ya ajiye takardar ya dube ni da wani irin so da bai taɓa nuna min ba.

"Ka gani? Irin wannan tunanin nake nema a wajenka tun farko. Wancan shirmen na batir da ka kawo a otal, wa ya ba ka shi?"

Na ce kuskure ne na ƙuruciyar aiki. Ya sa hannu a tsaye. Abu ɗaya na roƙa, a fara da asibitin da ya fi nisa, na ce mutanen can sun fi kowa yawan fitowa taro. Ya yarda.

Na lissafa daga baya. Abin da aka kashe wa asibiti ɗaya a sabon shirin ya kusa isa a saya wa duka shidan batura a tsohon layin da aka soke. Ni na tsara hakan, da hannuna, ina sane. Ba na faɗa muku don ku yaba min ba.

An yi buɗewar farko a farkon damina. Ranar Laraba aka zaɓa, domin ranar allura ce, mata za su cika wurin ba tare da an yi hayar mota ba. Masu saka batura sun gama aikinsu cikin minti arba'in tun jajibere, babu wanda ya kalle su. Taron kuwa awa uku ya ci. Aka yi jawabi biyar. Aka yaye ƙyalle, allon Malam Habu ya bayyana yana walƙiya, a daidai gurbin da aka ɓamɓare na baya. Kansilan nan mai maganar ɓeraye shi ya fi kowa tafi.

Daga nan aka shiga ciki don hoto. Ciyaman ya buɗe murfin firjin, ya riƙe shi a buɗe, ya juyo yana murmushi. Mai hoto ya ce a sake. Ya sake. Wani ya ce a jira Sakatare ya shigo layi. Murfin na nan a buɗe. Ina kallon Hajiya Rabi a gefe cikin fararen kayanta, idonta na kan ɗan agogon da ke nuna sanyi.

Ta ratso tsakanin manyan riguna, ta kama murfin daga hannunsa, ta rufe.

"Ranka ya daɗe, a yi hoton da shi a rufe. Maganin ciki ba ya son jama'a."

Ciyaman ya dube ta, ya dubi masu hoto, sannan ya yi dariya ya ce ma'aikatanmu akwai kishin aiki. Aka ɗauki hoton ya dafa murfin a rufe. Shi ne ya fito a kalandar shekarar.

Da motoci suka tafi, ta fito da teburinta baranda ta fara kiran suna. Na tsaya in yi mata sallama. Ba ta ɗago ba, tana zuƙo ruwan allura.

"An gode, Malam Nasiru. Na nan da shekara biyar fa? An ware?"

Na ce wannan ɓangaren bai samu shiga ba.

"To," ta ce, ta juya ga layin mata. "Mai bi."

Abin da na koya ke nan, kuma ku da kuka shigo aikin yanzu gara ku ji shi da wuri. A kwas za a koya muku hasashen kuɗin shiga da jadawalin shekaru. Ku koya, yana da kyau. Amma mutumin da zai sa hannu ba ya ganin abin da ya wuce wa'adinsa, kuma ba ya ganin abin da ba a rubuta suna a jikinsa. Mu da aka ɗauka domin mu ga nesa, mun ƙware ne wajen yi wa buƙata kwalliya har ta yi kama da biki. Wanda ya iya wannan ana ce masa gogagge. Ni ma an ce min, har da takardar yabo lokacin da na yi ritaya bara.

Ciyaman bai dawo kujerar ba. Ƙofar maraba tana nan, hasumiya ɗaya ta tsage. Hajiya Rabi saura mata shekara biyu ta ajiye aiki, kuma har yanzu tana cika littafinta safe da yamma. Baturan da aka saka ranar za su cika shekara biyar a damina mai zuwa. Wanda ya gaje ni ya nuna min kasafin bana, babu layinsu a ciki.

Makon jiya na bi ta shagon Malam Habu a hanyar masallaci. Alluna shida ne a jingine, baƙaƙe masu ruwan zinare, da sunan asibitocinmu. Ya gama rubutun duka, ya bar layin tsakiya fili.